Habbar Bature

Jiya autata Hadiza ta kai ni Fordham Road, nan Bronx ta New York, sayen garin kuka da daddawa. Muna fitowa daga shagon sai warin nan ya buge ni. Wani saurayi ne jingine da ƙarfen tashar bas yana busa abarsa hankali kwance, ga ɗan sanda tsaye kusa da shi yana latsa waya. Na ja mayafi na toshe hanci, na yi tsaki. Hadiza ta kwashe da dariya, ta ce mini da Turanci wai duk duniya ni ce ta ƙarshe da ya kamata ta yi wa wannan wari tsaki. To, shi ya sa yau na zauna na ɗauki biro. Na san abin da ake faɗa a kaina a garin nan, na san ya zo kunnenku, kuma na san kunyata ce ta hana ku tambaya. An ce na ɗura wa babanku wiwi har ya koma ga Allah bai sani ba. Rabin maganar gaskiya ne, rabi ƙarya, kuma gara ku ji daga bakina inda gaskiyar ta tsaya.

Ku da kuka tashi a gidan nan na Parkchester kun san ba a furta kalmar wiwi a gaban Alhaji. “Waccan ƙazantar” yake ce mata. Abin da ba ku sani ba shi ne dalili. Yana da ƙane a Kano, Bala, yaro mai kai, wanda duk gidansu aka sa wa ido. Ya fara bin ’yan tasha, ƙarshe ya koma yawo ba takalmi yana magana shi kaɗai. Ko wiwin ce ta taɓa masa kai, ko wani ciwo ne daban, Allah masani, amma Alhaji ya riga ya yanke hukuncinsa tun kafin ya auro ni. Ya bar aikin koyarwa ya zo nan ya yi shekaru yana gadin wani dogon bene, kuma shi ne ladanin ɗan masallacinmu. Sau nawa ya kori samari masu busa ta daga bakin masallaci da lemarsa! A lokacin kuwa abin ba na wasa ba ne. ’Yan sanda na tare yaran baƙar fata a titi suna zazzage musu aljihu, ɗan ƙulli ɗaya ya isa a ɓata wa yaro suna a takardun hukuma. Kai Sani, ka sha ganin ina lalube aljihun wandonka ina cewa wanki zan yi. Ba wanki ba ne, tsoro ne.

Ni kuwa aikina kula da tsofaffi a gidajensu, don haka na ga dokar nan ta halatta wiwi tana tahowa tun daga nesa. Wata tsohuwa Baturiya da nake yi wa wanka ina ciyarwa ce ta fara gaya mini cewa can California an halatta wa marasa lafiya. Na ce a’uzubillahi, na ci gaba da taje mata kai. Sai jiha ta bi jiha, har wasu suka sakar wa duk wani baligi. Da ta iso New York, da taka-tsantsan ta shigo: marasa lafiya kawai, sai da takardar likita da kati, kuma ba busawa, sai dai mai ko ƙwaya. Tsohuwar nan tana cikin waɗanda suka samu. Ni nake ɗiga mata a ƙarƙashin harshe ina kawar da kai kamar mai taɓa najasa. Amma idona ba ya yi mini ƙarya. Matar da take kwana tana nishi ta fara barci, matar da nake roƙo ta buɗe baki ta fara tambayata me na dafa. Ban gaya wa kowa a gida ba, na dai ajiye abin a raina.

Shekarar da aka gano ciwon daji a hanjin babanku, ita ce shekarar da nake so ku sani. Aka fara yi masa ƙarin ruwan nan mai ƙarfi da ake kira kemo. Wayyo, ’ya’yana, kun ga wani abu, amma ba ku ga duka ba, don yana gyara zama idan ya ji motsinku. Mutumin da yake tashi da malmalar tuwo uku ya koma ko ƙamshin albasa ya ji sai amai. Na dama koko, na yi kunun gyaɗa, na yi farfesu ba yaji, duk su dawo. Da ƙusa na riƙa huda masa sababbin ramuka a bel. Duk ƙwayoyin hana amai da suka ba shi ba su yi komai ba. Ran nan bayan an ɗora shi a sikeli, likitarsa ta rufe ƙofa ta zauna ta gaya mana ƙiri-ƙiri: idan ya ci gaba da ramewa haka, dole su tsayar da maganin, jikinsa ba zai ɗauka ba. Idan kuma aka tsayar, to, ba ta ƙarasa ba, ba sai ta ƙarasa ba. Sannan ta ce akwai abu ɗaya da ba a gwada ba, ta kira sunansa: kanabis.

Turancin Alhaji ya ishe shi aikin gadi da faɗa da mai gida. Ya san sunayen abin nan na titi sarai, amma wannan sunan na likitoci bai taɓa jin sa ba. Asibitin suna da tafinta ta waya, shi kuwa kullum sai ya ce ba ya so, ga matarsa. Ya juyo ya dube ni, idanunsa sun faɗa.

“Rakiya, me ta ce?”

“Wai akwai wani mai da za a gwada maka. Na tsiro ne.”

“Wane tsiro?”

“Irin nasu ne na nan. Kamar dai habbatus sauda.”

“To ai habba ba ta da laifi,” in ji shi. Ya karɓi biro ya sa hannu.

Kun ji inda na yi laifi. Ban yi tuntuɓen harshe ba, da gangan na faɗa. Na san idan na furta kalmar nan zai miƙe ya fita ko da rarrafe ne.

Da na karɓo maganin, sai ga hoton ganyen ɓaro-ɓaro a jikin ’yar kwalbar, ganyen da ko makaho ya shafa zai gane. Na ɗauko kwalbar man habbatus sauda da ta kusa ƙarewa, irin wadda ba a rasa ta a gidan Bahaushe, na juye shi a ciki. Ɗacin habbar ya rufe ɗanɗanon. Kwalbar asali kuma na ɗaure ta a leda na tura ta can ƙasan bokitin garin tuwo. Safe da yamma ina ɗiga masa kaɗan a ƙarƙashin harshe, daidai yadda aka auna mini. Rana ta huɗu ina wanke-wanke na ji muryarsa daga falo yana tambaya ko akwai sauran ƙosai. Na soya ina kuka, ya ci guda biyar, kuma suka zauna. Cikin mako uku ya fara faɗan cewa miyata ba gishiri, na ce alhamdu lillahi, mijina ya dawo. Sikeli ya tsaya, sannan ya fara hawa. Shi da bakinsa ya raɗa wa maganin suna Habbar Bature. Ya sa aka ajiye masa kwalbar a kan teburin da ke gefen kujerarsa, duk wanda ya zo dubiya sai ya ɗaga ta ya nuna masa. Ni kuwa ina murna, amma duk lokacin da ya ɗaga kwalbar nan sai gabana ya faɗi.

Wata Juma’a bayan an sauko, mutum huɗu suka biyo dubiya. Akwai limaminmu, matashi ɗan Damagaram, akwai dattawa biyu, sai Baba Issaka, aminin babanku, mutumin Zangon Kumasi mai tuƙa tasi, wanda a Hausarsa mace da namiji duk “ya” ne. Ina kicin ina juya waina, ina jin Baba Issaka yana kukan bayansa, wai zaman jiran fasinja a filin jirgin JFK ya gama da ƙugunsa, ga shi yanzu ma can zai nufa, jirgin Accra na sauka da la’asar. Ban kawo komai a raina ba. Na jera waina a tire, na turo ƙofa da ƙafa.

Abin da na manta shi ne mu ba ma shan habba da ɗigo. Da cokali muke sha, a cika shi fal, a bi da zuma. Kuma babanku ba ya iya jin mutum na ciwo yana da magani a hannu ya yi shiru. Ina shigowa na ga kwalbar a buɗe a hannun Alhaji, ga babban cokali cike taf a hannun Baba Issaka, makullin mota na rataye a ɗan yatsansa, har ya yi bisimilla. Abin da ke cikin cokalin nan ya fi na kwana da kwanaki. A cikin ƙiftawar ido na ga komai: babban titin zuwa filin jirgi, fasinjoji da ’ya’yansu a bayan mota, da gwajin fitsarin da ake yi wa direbobi, wanda idan ya nuna abu, lasisi ya tafi.

“Baba Issaka, kada ka sha!”

Ya tsaya da baki buɗe, ya yi dariya. “Haba Hajiya, cokali ɗaya ma za ka yi mini rowa?”

“Rakiya, mene ne haka?” in ji Alhaji. “A gaban baƙi?”

Da zan iya cewa ta lalace. Da zan iya yin kamar na yi tuntuɓe na ture cokalin. Duk sun zo mini a rai. Amma na san gobe zai ɗura wa wani a ’yar kwalba ya kai gida. Na ajiye tiren a ƙasa, na miƙe tsaye.

“Ba habba ba ce. Wiwi ce.”

Baba Issaka ya sauke cokalin a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ɗaya daga cikin dattawan ya fara salati. Alhaji bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

“Sake faɗa.”

“Man wiwi ne, Alhaji. Likita ce ta rubuta, hukuma ta yarda, da sunanka a kati. Ni ce na ɓoye maka sunan.”

“Wata biyu ina kiran sunan Allah a kan waccan ƙazantar?”

“Wata biyu kana cin abinci,” na ce.

Ban taɓa mayar masa da magana a gaban mutane ba sai ranar. Baƙi suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa wainar.

Kwana tara bai yi mini magana ba. Ya daina shan maganin, ya daina karɓar komai daga hannuna, sai Hadiza ta haɗa masa shayi, shi ma ya amayo shi. Ina tsaye a bakin banɗaki ina jin yana kakari, ba ni da ikon shiga in riƙe masa kai. A waje kuwa labari ya riga ya zaga Bronx kafin sallar isha’i. Ku kun san shekara nawa ina yi wa jama’ar nan wainar suna da ta walima, ba a taro sai da tukunyata. Asabar ɗin da ta biyo baya na aika da kula biyu gidan wani suna, aka dawo mini da su ko buɗewa ba a yi ba. Wata da na yi wa wankan jego da hannuna ita ce ta ce wa ya san abin da Hajiya Rakiya ke zubawa a ƙullu. Wannan magana ta ci mini rai, har yau idan na tuna sai na ji ɗaci. Amma ko a lokacin ban yi nadamar buɗe bakina ba. Na ce su ƙi wainar, su dai bar mini mijina.

Rana ta takwas Baba Issaka ya dawo, ya jawo liman. Ina kicin, na bar ƙofa a ɗan buɗe, kuma ba na jin kunyar faɗa muku na kasa kunne.

“Alhaji, ka ji tsoron Allah,” in ji Baba Issaka. “Matarka ya tona kansa don kada ni in halaka. Da ya yi shiru, wa zai sani? Ni da na sha, da yanzu ko ina kabari ko ina kurkuku. Kai kuma ka zauna kana kashe kanka da yunwa don mutane su ce kai mai tsarki ne!”

Liman ya fi shi sanyi. Ya ce malamai sun yi saɓani, shi ba zai ɓoye ba. Amma abin da ya fahimta, akwai bambanci tsakanin mai neman maye da mara lafiyar da likita ya auna wa ɗigo don ya iya riƙe abinci. Ya tambayi Alhaji ko allurar kashe zafin da aka yi masa ranar tiyata ba ta gusar masa da hankali ba, kuma ko ya ƙi ta. Sannan ya ɗaga murya yadda zan ji, don ya san ina nan.

“Laifin Hajiya ɗaya ne. Jikinka ne, da kai ya kamata a yi shawara. Wannan tsakaninku ne, ni ba ni da fatawa a kai.”

Daga nan suka yi sallama suka tafi.

Washegari da hantsi, ana gobe za a koma sikeli, ina tankaɗe sai na ji ya kira sunana. Na same shi a kujera, ya zama kamar tsumma a cikin rigarsa.

“Ina kwalbarsa ta gaskiya?”

Na je na tona bokitin gari na kawo ta, duk ta yi fari. Ya sa tabarau, ya goge ta da babban yatsa, ya daɗe yana kallon ganyen nan. Na san Bala yake gani.

“Da kin tambaye ni, da na ƙi,” ya ce. “Da kuma yanzu an yi sadakar arba’in ɗina. Na san wannan. Amma, Rakiya, da kin tambaye ni.”

Na durƙusa na ce ya yafe mini. Shekara talatin da wani abu muna tare, ban taɓa neman gafararsa da zuciya ɗaya irin ta ranar ba. Ya ce in mayar da man cikin kwalbarsa, in kawo masa farar takarda da salatif da biro. Duk da ciwon, rubutun malamin makaranta bai bar shi ba. Ya rubuta, ya manna, ya ajiye ta a kan teburin nan inda duk mai shigowa zai gani. Sannan ya ɗaga harshe kamar yaro, na ɗiga masa, ya yi bisimilla a bayyane.

“Akwai sauran miyar kuka?” ya ce.

Ya ƙarasa maganinsa har ƙarshe. Allah ya ƙara masa shekara biyu da ’yan watanni, ya ga auren Hadiza, ya yi wa ɗan Sani huɗuba a kunne da muryar nan tasa ta ladan. Bai kai lokacin da aka sakar wa kowa ba, aka goge wa yaran nan laifinsu daga takardu, shaguna suka buɗe kamar na sayar da burodi. Da ya gani da ya yi ta faɗa, ni ma ina yi. Gogewar ta yi mini daɗi saboda iyayen da na san sun yi kuka, amma warin titi har gobe ba na son sa, kuma duk jikan da na kama da ita zai gane kurensa, doka ko ba doka.

Matan da suka dawo mini da kula kuwa, ba a yi shekara ba suka fara zuwa ɗaya-ɗaya, bayan sun duba ba kowa a bakin lif. Wannan uwarta ce ba ta barci, waccan mijinta ne. Sai su sunkuyar da kai su ce sun zo tambaya ne a kan habbar nan. Ni kuma in ce ban san wata habba ba, ki kira ta da sunanta, ki je ki gaya wa mara lafiyar da sunanta, idan ya yarda ki dawo in raka ku wurin likita. Ban taɓa ba wa kowa ko ɗigo daga hannuna ba. Na raka mutum bakwai, kuma wadda ta yi maganar ƙullu tana cikinsu. Ban tuna mata ba, na dai sa ta maimaita kalmar sau biyu, na ce ban ji ba.

Kwalbar tana nan a cikin akwatina, ƙarƙashin zanen da na yi takaba da shi. Takardar ta yi ja, salatif ɗin ya fara ɗagowa. Idan na mutu kada ku jefar. Duk wanda ya sake ce muku babanku ya tafi bai sani ba, kada ku yi musu da shi, ku hau da shi hawa na bakwai ku buɗe akwatin. Kun san rubutunsa, ba wanda ke lanƙwasa wasali irin nasa. Mutumin da bai yarda a furta kalmar a gidansa ba, shi ya rubuta ta da manyan baƙaƙe:

WIWI. Maganin Alhaji ne. Da saninsa.